Igiyar Shanyar Gidan Tanimun

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran wuta a tashar Ƙonni cikin shekarun tamanin ya san Tanimun, kuma in ka tambaye shi zai ce maka mutum ne marar magana. Wannan ba gaskiya ba ne. Cikin Tanimun cike yake da magana, ƙofar fita ce ta yi mata ƙunci. I'ina gare shi tun yana yaro a Dogarawa, irin mai tsananin nan da kalma za ta maƙale a maƙogwaro, jijiyar wuya ta miƙe, ido ya rufe, sai mutum ya buga ƙafa a ƙasa kafin ta fito. Mu kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu da haƙurin jiran mai i'ina. Da ya fara "ba-ba-ba" sai wani ya ce "batir", wani ya ce "babur", a zaɓi wanda ya fi dacewa a ci gaba da hira. Sau da yawa abin da aka ƙarasa masa ba shi yake nufi ba, amma kafin ya gyara an wuce wurin. Haka ya girma, ana sa masa magana a baki yana haɗiyewa.

Hannunsa dai ba ya i'ina. Ya bar gonar ubansa da ƙuruciya ya zo Ƙonni koyon aiki, ya zauna ƙarƙashin motocin mutane har ya san hanyar kowace waya daga batir zuwa fitila. Ya kafa rumfarsa a gefen tasha, ya sami gidan ƙasa mai zaure da dogon yaro ɗaya a tsakar gida, ya auri Sa'a, 'yar wani manomi daga Tsarnawa. Sa'a mace ce mai saurin hannu da saurin baki, tana kuma son mijinta, wannan ba a musu. A duk duniya ita kaɗai ce in ta ƙarasa masa magana take dacewa da abin da ke ransa. Amma ko ita ɗin, ƙarasawar take yi.

Sai kuma Mutari, ɗan kawunsa Attahiru, wato taubashinsa. Kowa ya san haƙƙin taubashi. Ya zage ka a tsakiyar kasuwa, ya cire maka hula, ya kira matarka tasa, kai kuwa dariya ce rabonka. Mutari ya ci wannan haƙƙi har ya suɗe kwano. Direban motar haya ne tsakanin Ƙonni da Illela, mai faɗin ƙirji da babbar murya, kuma Allah ya ba shi iya kwaikwayo. In ya rufe ido ya buga ƙafa ya fara "ba-ba-ba", har masu sayar da rake sai sun bar tirensu sun zo kallo. Tanimun yakan yi dariya tare da su. Yana jin zafin abin, amma tare suka yi kiwon awaki, tare aka yi musu kaciya, kuma ranar da uwarsa Uwani ta rasu Mutari ne ya kwashi dangi a motarsa zuwa Dogarawa bai bari kowa ya yi masa maganar mai ba. Don haka yana ƙaunarsa, da kwaikwayon da komai.

A wancan zamani Turawa kan keto hamada da tsofaffin motoci su sayar a garuruwanmu su koma gida ta jirgi. Wani daga cikinsu ya iso Ƙonni da wayoyin motarsa a ƙone, Tanimun ya warware su ya sake ɗinke su ɗaya bayan ɗaya. Da cinikin motar ya faɗa, mai saye ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga wani baƙin akwati da abin riƙewa a hannu mai igiya a nannaɗe, ya ce a cire masa wannan masifa kafin a tare shi da ita a hanya. Rediyon magana ce, wadda mutanen tsallaken iyaka suke kira oba-oba. Baturen ya kwance ta ya miƙa wa Tanimun. Ya nuna masa da hannu da 'yar Faransancin da suka haɗu a kai: ka danna nan, ka yi magana, in ka gama ka ce "a tuwa", wato saura kai, sannan ka saki. Ya tsuguna ya zana masa eriya a ƙasa da tsinke, waya biyu tsawonsu ɗaya, ɗaya ta yi gabas ɗaya yamma, ya gwada masa tsawon da hannunsa.

Matsalar ita ce gwamnati ta soja ce, kuma rediyon da ke aika murya ba a riƙe ta sai da takardar izini daga Yamai. Wa zai ba mai gyaran wutar mota irin wannan takarda? Mai hankali da ya jefa akwatin cikin rijiya. Tanimun ya naɗe shi a tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado, ya kwana biyu yana gaya wa kansa sha'awar gani kawai yake yi, sannan ya fara neman waya.

Tagulla ba ta yi masa wuya ba. Ya fasa wani ƙonannen dinamo ya warware wayar cikinsa, ya ɗaura bakinta a jikin dogon yaro ya ja har ta miƙe sak. Ya yanka biyu, kowace kamu biyar da ɗan ɗori, kamar yadda Baturen ya gwada. Da farko cikin ɗaki ya shimfiɗa su, ƙarƙashin kwanon rufi, inda ba mai gani. Ya jona batirin mota ya kunna, bai ji komai ba sai shuuu. Kwano ya shanye komai. Ya gane abin yana son sarari, yana son sama, shi kuwa sarari da sama su ne inda idon mutane yake. Waya mai ƙyalli a saman gida, ko makaho ya bi ta titin sai ya tambaya.

Dabarar ta zo masa wata safiya yana shan kunu, Sa'a tana shanya zannuwa a tsohuwar igiyarta da ta ruɓe. Ya ajiye ludayi ya tsura wa igiyar ido har ta tambaye shi ko lafiya. Ɗan manomi ne, ya iya tufka tun kafin ya iya riƙe sufana. Ya sayo ramar igiya a kasuwa, ya jiƙa ta, ya zauna a inuwa yana tufka ta a kan tagullar, har waya ta ɓace cikin rama ba a ganin ko ƙyallinta. A tsakiya, inda wayoyin biyu suke fuskantar juna amma bai kamata su taɓa ba, ya sa guntun ƙahon saniya da ya huda da ƙusa mai zafi. A bakin kowace ya sa zoben da ya yanko daga tsohon takalmin roba, sannan igiyar zalla ta ci gaba zuwa reshe da kuma kan katanga. Baƙar wayar da za ta sauko daga ƙahon zuwa akwati ita ta fi ba shi wahala. Daga baya ya sami gora ya fasa gaɓoɓinta da ƙarfe, ya zura wayar ciki, ya kafa gorar a matsayin sandar da ke tokare igiyar shanya. Daga gindinta wayar ta bi ƙarƙashin ƙasa ta shiga bango, ya yi yaɓe a kai.

Bai tsaya nan ba. Ya jona ƙwan tocila a hanyar wayar, yana danna abin magana yana duban haskensa, ya fita ya rage bakin tagulla kaɗan, ya dawo ya sake dubawa, har ƙwan ya yi hasken da ya gamsar da shi. Ya kuma lura in igiyar tana ƙasa ba ta jin nesa, sai ya rataya ta ta kan babban reshe yadda za a iya saukewa a iya ɗagawa. Sa'a ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallon igiyarta can sama.

"Wagga ta shanyar raƙuma ta, ko tawa?" in ji ta.

Suka yi yarjejeniya. Da safe igiya ta Sa'a ce, a sauke ta yi shanyarta. Jiƙaƙƙen zane yana kashe muryar, don haka da an yi azahar, rana ta busar da komai, gari ya kwanta hutun zafi, sai ta kwashe kayan shi kuma ya ja igiya sama. Hankalinsa kwance yake, domin a bakin zaurensa an rubuta "ba shiga" da gawayi, kuma a Ƙonni ko mai kaki ba ya kutsa kai tsakar gidan matan aure ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba. Wanda ya hango daga titi, igiyar shanya ya hango.

Ranar da ya fara jin murya, wani mutum ne yake kira da Hausa, yana tambaya ko akwai mai ji. Tanimun ya danna. Sallama ya so yi, ta maƙale. Ya yi "sa-sa-sa", gumi ya keto masa, ya rufe ido yana jiran a ƙarasa masa kamar kullum. Ba wanda ya ƙarasa. Ya ja numfashi ya sake, har sallamar ta fito cikakkiya, ya ce "a tuwa", ya saki.

"Wa alaikumus salamu," in ji muryar. "Na ji ka sarai. Hamidu na, daga Malbaza. Wa ka magana? A tuwa."

A nan Tanimun ya gane abin da Baturen bai gaya masa ba. Muddin yatsansa yana kan abin dannawa, ba mahaluƙin da zai iya katse shi. Akwatin ba ya barin mai sauraro ya sa baki, dole ya jira, ko yana so ko ba ya so. Tunda aka haife shi ba a taɓa jiransa haka ba. Ya zauna bakin gado yana kallon abin da ke hannunsa, ya ji ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma ji kunyarta ba.

Hamidu tsohon soja ne da ya yi aikin rediyo a bariki, ya yi ritaya ya zauna Malbaza yana noman albasa. Shi ma ba shi da takarda. Ba su taɓa ganin juna ba, ba su kuma nemi hakan ba. Amma kusan kullum tsakanin azahar da la'asar suna tare, wani lokaci da direbobin manyan motoci da ke wucewa, wani lokaci kuma sama takan buɗe a ji wasu mutane daga ƙasashen da ba a san harshensu ba. Da Tanimun ya tabbata ba mai tsere da shi, i'inar ta fara sakin wuyansa. Ba ta tafi duka ba, amma ta koma ɗan tuntuɓe. Sai ga labarai suna fitowa, waɗanda ya tara tun yana kiwon awaki: jakin limamin Dogarawa da ba ya tafiya sai an yi masa ƙira'a, shekarar da fari suka cinye har hular mai gari, yadda uwarsa take gane ruwa zai sauka daga ƙamshin iska. Ashe mutum ne mai ban dariya. Hamidu yakan danna ya kasa magana don dariya, sai dai a ji yana tari.

Sa'a takan zauna bakin ƙofa da tankaɗenta tana sauraro. Wata rana da ya kashe akwatin ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ashe haka muryarka take, Malam." Shekara da shekaru suna tare, ranar ta fara jin mijinta ya kai labari ƙarshe da kansa.

Namiji ɗaya ne a duniya yake shiga gidan nan ba sallama, shi ne Mutari. Taubashi ba ya karanta "ba shiga". Wata rana motarsa ta lalace da tsakar rana, bai sami Tanimun a rumfa ba, ya biyo shi gida yana shirin kiran Sa'a matarsa kamar yadda ya saba. Sai ya ji murya daga ɗaki, tana zuba labari tiryan-tiryan. Ya tsaya a tsakar gida yana saurare, abin da ba a taɓa gani ba. Da Tanimun ya saki abin dannawa ya juyo, ya gan shi a bakin ƙofa.

"Ɗan gwaggo," in ji Mutari a hankali, "ashe kana da baki?"

Da tsoro ya kamata Tanimun ya ji, amma daɗi ya ji. Wani daga jininsa ya ji shi yana magana kamar kowa, kuma ba kowa ba, mutumin da ya fi kowa yi masa dariya. Farin ciki ya kwashe shi. Ya kama hannun Mutari ya fito da shi, ya sauke igiyar, ya buɗa ramar da farce ya nuna masa tagulla, ya nuna masa ƙahon, ya nuna masa gorar da inda wayar ta shiga bango. Mutari bai tambayi ko rabin wannan ba.

"A-amana ta, Mutari," in ji shi.

"Wa za ni hwaɗa ma?" Mutari ya yi dariya. "In nic ce Tanimun shina zuba zance awa mai karanta labarai, wa ka yarda da ni?"

Ya riƙe amanar kuwa, shekaru. Sau ɗaya kawai ya zo da wata buƙata. Lokacin ya fara ɗauko jarkokin fetur daga tsallaken iyaka yana ɓoyewa ƙarƙashin kujerun fasinja, ya ce tunda abokan Tanimun na hanya suna ganin inda 'yan duwan, wato kwastan, suka tsaya, tambaya ɗaya kawai zai riƙa yi masa. Tanimun ya ce ba don haka ya yi ta ba, kuma ba zai jefa Hamidu cikin abin da bai sani ba. Mutari ya kwaikwayi yadda ya faɗa, suka yi dariya, ya cinye masa tuwon dare ya tafi. Tanimun ya ɗauka magana ta wuce.

Sai shekarun casa'in suka shigo da labarin tawaye a arewa. Shingaye suka yawaita a hanya, fuskokin masu kaki suka canja, rediyon da a da za a ƙwace a yi maka faɗa ta zama abin da za a tambaye ka da wa kake magana. Hamidu ya ce su rage, suka rage, amma Tanimun ya kasa dainawa. Wanda ya sami wurin yin magana bayan ya tsufa da shiru, ba ka ce masa ya bari don ana tsoro.

Da hantsi masu kaki suka zo, farkon damina, Sa'a ta gama shanya ke nan. Suka aika aka kira shi daga rumfa, suka ce matar gida ta shiga ɗaki. Tanimun ya tsaya yana kallonsu. Ba su nufi ɗaki ba, ba su ɗaga gado ba, ba su tambayi komai ba. Babbansu ya taka kai tsaye zuwa igiyar, ya ture jiƙaƙƙen zanen Sa'a gefe, ya sa wuƙa ya buɗa ramar daidai kusa da ƙahon. Wani ya tumɓuke gorar ya zaro baƙar wayar ya bi ta har bango. Tun kafin a sa shi a mota Tanimun ya san ko wane ne, domin mutum ɗaya ya taɓa nuna wa ƙahon nan. Ya sani, amma ya yi ta roƙon Allah ya sa kuskure yake yi.

Jami'in da ya yi masa tambayoyi baƙo ne a yankin, daga yamma aka turo shi, kuma ba mugu ba ne. Shi ya cire masa shakka. Ya ce an tare wata motar haya a hanyar Illela da fetur ƙarƙashin kujeru, direban ya yi ta ba su dariya don su sake shi, har ya ce suna nan suna wahalar da talaka a kan jarka, alhali ga ɗan gwaggonsa can Ƙonni, bebe a tasha, amma da azahar yana magana da duniya ta igiyar shanyar matarsa. Da suka daina dariya suka ce ya yi bayani, ya yi, dalla-dalla. Motar ta kwana a gida ranar, da jarkokinta.

Abin da suke so shi ne sunayen waɗanda yake magana da su. Nan i'inar ta dawo da ƙarfinta duka, kuma karo na farko a rayuwarsa ta yi masa rana. Duk lokacin da aka tambaye shi, sai ya rufe ido ya buga ƙafa, su jira, su gaji, su jefo sunaye yana girgiza kai. Sunan Hamidu yana kan harshensa, zai iya fitar da shi da ya so, bai fitar ba. Aka kai shi Tawa. Ya shiga kaso gero yana tsiro, bai fito ba sai da aka fara yankan kan geron. Ba a same shi da komai ba ban da rashin takarda, aka riƙe akwatin, aka ja masa kunne, aka sake shi.

Ya dawo ya tarar Sa'a tana shanya a kan katanga. Ramin gorar yana nan a tsakar gida, kaji sun faɗaɗa shi. Ba shi da hanyar gaya wa Hamidu abin da ya faru, bai san gidansa ba, bai san fuskarsa ba, zuwa Malbaza yana tambaya kuwa jawo masa ido ne. Ya san mutumin ya yi ta kira da azahar har ya gaji. Kason bai dame shi kamar wannan ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne da hannunsa ya buɗa ramar ya nuna, yana murna, kamar yaron da ya yi sabuwar riga. Ga shi kuma a tasha labarin ya zama abin dariya, kuma Mutari ne mai ba da shi, har da sabon kwaikwayo: yakan naɗe hannu kusa da baki ya ce "a tu-tu-tuwa".

Tanimun ya daina gaishe shi. In motar Mutari ta shigo tasha sai ya sunkuya cikin injin da ke gabansa. Wannan kuwa a dangi babban abu ne, ya fi kason girma. Kawu Attahiru ya aiko a zo Dogarawa ranar Juma'a, da shi da matarsa.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida. Dattawan dangi suka zauna, mata suna jin komai daga bayan dannin kara. Mutari ya zo da sabuwar hula, yana murmushin wanda ya san shari'ar tasa ce.

"Tanimun," in ji Kawu Attahiru, "abin da ɗan'uwanka yay yi bai kyauta ba, na hwaɗa mai. Amma wasa na. Bakinai na yah hi ƙarhinai, kai ma ka san shi tun kuna ƙanana. Mu dai tun kakanni ba mu ga inda anka riƙe taubashi a zucci ba. In kar riƙe shi, uwakka ta kar riƙe, don jininta na. Ka ce ka yahe, mu yi hwatiha, kowa shi kama gabanai."

"Wallahi wasa na niy yi, ɗan gwaggo," in ji Mutari. "Ina nis san za su ɗauka da zahi?"

Tanimun ya yi tanadin maganarsa tun yana Tawa. Ya jera ta, ya goge ta, ya maimaita ta a zuci har ya haddace. Ba zagi a cikinta. So yake ya ce: na yarda da kai, Mutari, na nuna maka wuri ɗaya da nake mutum, ka sayar da shi don jarka, kuma ka san ba wasa kake ba, domin mai wasa ba ya faɗin inda ƙaho yake. Yana so dattawa su ji wannan sau ɗaya, daga nan in sun ce ya yafe, wataƙila ma ya yafe.

Ya gyara zama. Rumfa ta yi tsit, abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa.

"Na ya... na ya-ya..."

Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya rufe ido, ya dafa tabarma, "yarda" tana nan tafe, yana jin ta.

"Na ya-ya-yahe," in ji Mutari da muryar Tanimun, har da buga ƙafa.

Rumfa ta kwashe da dariya, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. "Madalla, ya yahe," in ji wani dattijo. "Allah shi yi ma albarka, ɗan Uwani," in ji Kawu Attahiru, ya ɗaga hannuwa sama. Tanimun ya buɗe ido ya ga kowa ya ɗaga hannu. Ya girgiza kai, ya ce "ba-ba", amma fatiha ta riga ta fara, ba a kuma katse fatiha. Aka shafa. Mutari ya matso ya rungume shi, ya cire masa hula ya ɗora a kan tasa, aka sake dariya, aka kawo fura.

Bai shiga motar Mutari ba da za su koma. Suka taka shi da Sa'a zuwa bakin kwalta su jira wata, ta gefen gonakin da aka gama girbewa. Sai da suka yi nisa da gari ta tambaye shi.

"Malam, ka yahe?"

Ya tsaya. Kalmar ta maƙale, ya yi ta fama da ita a tsakiyar hanya, wani mai amalanke ya wuce yana waiwayensu. Sa'a ta san amsar, tana bakinta, amma ta kama gefen mayafinta ta toshe bakin da shi har ya gama.

"Ban yahe ba," in ji shi.

"Na ji," in ji ta.

Ita kaɗai ta ji. Tanimun ya ci gaba da gyaran wuta a tasha har ƙarfinsa ya ƙare, bai sake tufka igiya ba, bai kuma sake kai wani labari ƙarshe ba. Mutari ya ci gaba da shiga gidan ba sallama, tunda an yi fatiha. A dangin kuwa, in yara suka yi faɗa suka ƙi shiryawa, da Tanimun ake ba su misali. Akan ce su dubi mutumin kirki, taubashinsa ya sa aka kulle shi damina guda, amma a gaban kowa, da bakinsa, ya ce ya yafe.